Yadda Ake Gamsar Da Burauza Cewa Kwamfutarka Taka Ce

Duk wanda ya ajiye kwamfuta a gidansa ya ɗora mata shafin intanet, ya kwana da sanin cewa akwai ranar da burauza za ta shiga tsakaninsa da ita, ta ce ba ta san ta ba. Kwamfutar tana nan bayan talabijin, yana jin ƙarar fankarta, da guminsa ya saye ta, rasit ma yana cikin durowa. Amma wayarsa ta cika fuska da jan gargaɗi, tana cewa wannan haɗin ba na sirri ba ne, mai yiwuwa wasu na ƙoƙarin sace masa bayanai. Mutum ya waiga hagu, ya waiga dama, ba kowa a ɗakin sai shi.

Burauza ba ƙarya ta ce ya yi ba. Cewa ta yi ba a kawo mata shaida ba, kuma gaskiyarta. Takardar shaidar tsaro, wadda masu aikin ke kira satifiket, ɗan fayil ne da bai kai nauyin hoto guda ba, kuma abin da yake faɗi bai taka kara ya karya ba: ga sunan shafi, ga mabuɗin da ke tare da sunan, ga wanda ya tsaya masa, daga rana kaza zuwa rana kaza. Ko kalma ɗaya babu a ciki kan halin mai shafin. 'Yan damfara ma suna da takardarsu, sau da yawa ma tasu ta fi ta mutanen kirki zama daidai, domin su da ita suke cin abinci. Shi ya sa a 2023 Chrome ta cire hoton kwaɗon nan da ke gefen adireshi, tunda jama'a sun ɗauka kwaɗo na nufin amana.

Tsarin tsaya wa juna kuwa mun san shi tun kafin a ƙera kwamfuta. Baƙo ya je neman wata takarda a hukuma, sai a ce ya kawo wasiƙar mai unguwa. Ma'aikacin bai san mai unguwar ba, amma dagaci ya sa masa hannu, hakimi ya sa wa dagaci, hatimin hakimi kuma yana cikin littafin ofis tun fil azal. Haka waya da kwamfuta suke zuwa daga kamfani da jerin manyan hukumomin shaida a cikinsu. Takardar shafinka ba ta cikin jerin, ta tsakiyar da ta sa mata hannu ma ba ta ciki, sai an bi sarƙar an dangana da tushe. Idan kuwa mutum ya zauna ya rubuta wa kansa wasiƙa, ya ce na san wannan bawan Allah, ɗan unguwarmu ne, ya sa hannu a ƙasa da sunansa, to ya yi abin da ake kira takarda mai sa hannun kai. Umarni ɗaya na OpenSSL yake fitar da ita, kuma tana ɓoye saƙo daidai da kowace takarda. Abin da ta rasa shi ne mai tsaya mata, domin ɓarawon da ya tare hanya shi ma zai iya rubuta wa kansa irinta da sunanka, cikin minti ɗaya.

Tsananin nan yana da dalili. A 2011 aka kutsa cikin wata hukumar shaida ta ƙasar Holan mai suna DigiNotar, aka fitar da takardun bogi sama da 500, ciki har da ta Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen wasiƙun masu Gmail a Iran. Masu burauza suka goge sunan hukumar daga jerinsu, kafin watan Satumba ya ƙare kamfanin ya durƙushe. Burauzar da ta ga haka da idonta ba za ta sassauta wa kwamfutar bayan talabijin ba don kawai mai ita yana rantsuwa.

A nan ne nake da magana da magidanta. A ƙasan jan gargaɗin akwai wani ɗan rubutu da idan an danna shi sau biyu, burauza za ta kauce ta ce ka wuce, ruwanka. Maigida ya ɗora hotunan iyali a sabar, wato kwamfutar nan ta gida, uwargida ta buɗe ta ga ja, ta ce, "Baban yara, wayar nan fa cewa take za a sace mini bayanai." Shi kuma daga kwance ya ce, "Danna na ƙasan kawai, ki ci gaba, ai namu ne." To ya koya mata darasi, kuma za ta riƙe shi. Ranar da wani ya turo mata shafin bogi da sunan banki, ja ɗin da za ta gani shi ne wannan, hannunta kuma ya riga ya san inda ake dannawa. Ina ganin wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mutum ya ɓata yammacinsa ya gyara abin yadda ya kamata.

Gyaran kuma kyauta ne. Da can sai an biya kuɗi duk shekara, amma tun Disamban 2015 Let's Encrypt, wadda wata ƙungiyar da ba ta neman riba mai suna ISRG ke gudanarwa daga Amurka, take raba takardu ga kowa ba ko sisi. Manhajar da aka fi neman takardar da ita ita ce Certbot, ta ƙungiyar EFF. Ba mutum a tsakani, ba wanda za a roƙa, ba wanda za a ce wa "ranka ya daɗe". Na'ura ce ke yi wa na'ura tambaya. Certbot ta ce ina son takarda da sunan kaza. Let's Encrypt ta ce, idan sunan naka ne, ga wasu haruffa, ajiye su a fayil cikin jakar .well-known/acme-challenge ta shafinka, gani nan zuwa in duba. Sai ta biyo ta intanet, ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 80, ta nemi fayil ɗin. Ta gan shi, ta ba da takarda. Ba ta gan shi ba, ta juya.

Mafi yawan kukan da ake yi da satifiket, idan aka bi diddigi, takardar ba ta da laifi, ba a ma kai ga fitar da ita ba. Mai duba ne ya zo bai sami hanya ba. Wani ya buɗe ƙofa ta 443 a rautarsa, tunda ita ce ta amintaccen haɗi, ya toshe ta 80 saboda ya ji an ce ba ta da tsaro, alhali ta nan baƙon yake shigowa. Wani ya buɗe a rauta ya manta da katangar tsaron da ke cikin sabar kanta. Wani ya sa Certbot ta tsaya a ƙofar da kanta, ga kuma manhajar da ke riƙe da shafin, Nginx ko Apache, zaune a wurin tun safe, ƙofa ɗaya kuwa ba ta ɗaukar masu gadi biyu. Wani ya ga baƙin adireshi na yi masa sintiri ya toshe duk ƙasashen waje, bai san tun 2020 Let's Encrypt daga wurare da dama take leƙowa a lokaci guda ba, don kada wani ya karkatar da hanya ɗaya ya yaudare ta. Akwai kuma wanda a rajistar sunaye ta DNS ya bar wani tsohon adireshin IPv6 da ba ya zuwa ko'ina. Shi bai taɓa lura ba, amma mai duba ta nan take fara gwadawa.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Babbar matsalar ta masu intanet ɗin layin waya ce, wato akasarinmu, masu MiFi da rautar da ake sa wa sim. Adireshin IPv4 na duniya gaba ɗaya bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma ya daɗe da yin karanci. Don haka kamfanonin waya suke tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Idan kai ne ka fita neman shafi, amsa za ta dawo maka, domin an rubuta fitarka. Idan kuwa wani ne daga waje ya zo nemanka ba tare da ka kira shi ba, zai tsaya a na'urar kamfani, ya tarar da ɗimbin mutane da adireshi iri ɗaya, ba mai ce masa ga ɗakinka. Mutum zai kwana uku yana buɗe ƙofofi a rautarsa, ya kashe ta, ya kunna, ya sake kashewa, ya hura mata iska, alhali ƙofar da ke rufe tana can wani ginin da bai taɓa gani ba. Starlink ma, wadda ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, haka take yi wa masu tsarin gida a IPv4.

Gane wannan ba ya cin minti biyu. Shiga shafin rautarka ka duba adireshin da kamfani ya ba ta, sannan ka tambayi intanet da wane adireshi take ganinka. Idan sun zo ɗaya, kana da hanya. Idan sun saɓa, musamman idan na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to ka bar rautar nan ta huta, ba ta yi maka komai ba.

Mafita ita ce a canza irin tambayar. Maimakon Let's Encrypt ta zo gida, sai ta ce ka rubuta haruffan a rajistar DNS ta sunanka, a wani layi na TXT mai suna _acme-challenge, ita kuma ta je can ta karanta. Ba ruwanta da ƙofarka, ba ruwanta da kamfanin wayarka. Sabar da ko kusa ba ta fuskantar waje ma tana iya samun takarda ta wannan hanya. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Takarda ta samu, amma ƙaninka da ke karatu a wani gari har yanzu ba zai iya buɗe shafin ba, domin katangar kamfani tana nan inda take. Shi sai an haƙa masa rami, ko da Cloudflare Tunnel, ko da Tailscale, ko a yi hayar ƙaramar sabar a waje ta riƙa miƙo saƙo gida, ko kuma a tambayi kamfani ko yana sayar da adireshi na kai kaɗai. Kuma a guji kwafe haruffan nan da hannu. Duk sabuntawa sababbi ake bayarwa, wanda ya fara da hannu da hannu zai ci gaba har ranar da ya manta. A nemi mai riƙe DNS da ke barin manhaja ta rubuta da kanta.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne gwaji daga cikin gida. Akwai rautocin da ba su iya fita su dawo ta ƙofar kansu ba, sai shafi ya buɗe wa duk duniya ya ƙi buɗe wa mai shi. Ka kashe Wi-Fi ɗin wayarka, ka kunna data, ka gwada daga nan kujerar da kake zaune. A lissafin intanet ka bar gidan ke nan.

Yanzu maganar haƙuri. Let's Encrypt tana ƙirga kuskure. Sau 5 cikin awa guda idan dubawa ta gaza a kan suna ɗaya, za ta ce ka dakata. Idan kuma ka yi ta fitar da takarda iri ɗaya sak, 5 kawai ake bayarwa a mako. Mai zafin rai da ke maimaita umarni ɗaya ba tare da ya canza komai ba, yana fatan karo na shida zai bambanta da na biyar, shi ne ke faɗawa wannan tarko, ya koma yana neman maganin saƙon kuskure na biyu bai warware na farko ba. Akwai filin gwaji da aka tanada musamman, ana shigarsa da ƙara --dry-run ko --staging a umarnin Certbot, inda iyakar take da faɗi sosai. A yi duk kurakurai a can. A kuma tuna a fito, domin takardar filin gwaji ba burauzar da ta yarda da ita, kuma akwai masu murnar nasara da suka ɗora ta a shafi suka sake ganin ja. Sannan a karanta abin da Certbot ta rubuta kafin ta tsaya. Tana faɗin adireshin da aka je da abin da aka tarar, ko shiru aka ji, ko an ƙi buɗewa, ko an buɗe fayil ɗin ne babu. Uku ɗin nan cututtuka ne daban daban.

To an samu takarda. Certbot za ta zuba fayil huɗu a /etc/letsencrypt/live/, a jaka mai sunan shafinka. Mai gaggawa zai ga cert.pem ya ce ai wannan ce, ya nuna wa Nginx ita. A kwamfutarsa shafi ya buɗe lafiya lau, domin burauzar tebur takan nemo takardar tsakiya da kanta ko ta tuna da ita daga wani shafin. Sai washegari wani ya kira: "Yaya, abin nan naka fa ba ya buɗewa a manhajata." Wasiƙar mai unguwa ce aka miƙa ba sa hannun dagaci. Fayil ɗin da ake so shi ne fullchain.pem, wanda ya haɗa taka da ta tsakiya. Wani daga cikinsu kuwa, privkey.pem, shi ne mabuɗin sirri, kuma shi kaɗai ne a cikinsu abin ɓoyewa. Ba a tura shi a guruf ɗin WhatsApp don a taya ka dubawa, ba a ɗaukar hotonsa. Idan ya riga ya fita, a soke takardar a fitar da wata da sabon mabuɗi, ko da wanda aka tura wa ɗan uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Suna ma sai an kiyaye. Takardar da aka fitar wa suna mai www a gaba ba ta rufe wanda ba shi da www, sai an ambaci duka biyun. Wanda kuma ya rubuta 192.168.1.10 a burauza zai ga ja ko da takardarsa ta fi ta kowa kyau, domin sunan da ke jikinta daban, abin da ya rubuta daban.

Sai agogo, wanda a ƙasar da ake ɗauke wuta ya cancanci a tsaya a kansa. Burauza da agogon na'urar mai ziyara take auna kwanan takarda. Tsohuwar laftof da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan farka a wata shekarar da ta wuce, ta dubi takardar da aka fitar jiya ta ce lokacinta bai yi ba tukuna, saura shekara goma. A lissafinta ba ta yi kuskure ba. Idan duk gida shafi na buɗewa sai na'ura ɗaya, kuma a saƙon an ga ERR_CERT_DATE_INVALID, a fara duba kwanan watan na'urar kafin a taɓa sabar. Ita ma sabar tana da nata. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, har zuwa ta 4, ba ta da agogo mai batiri. Wuta ta ɗauke, ta dawo, Pi ta riga rauta tashi, sai ta kama lokacin da ta tuna na ƙarshe, a wasu tsarukan ma ta koma 1 ga Janairun 1970, inda ƙirgen lokaci na Unix ya fara. Muddin ba ta sami daidaita agogo ta intanet ba, ita da Let's Encrypt ba za su fahimci juna ba, domin a ganinta takardar Let's Encrypt ɗin ce ba a haifa ba tukuna. Ƙaramin allon agogo mai batiri da ake maƙala mata yana kashe wannan magana.

Idan kuma wayar Baba ce kaɗai ke ƙi, agogonta kuma daidai, a duba shekarunta. Android da ke ƙasa da 7.1.1 ba ta zo da tushen Let's Encrypt mai suna ISRG Root X1 ba. Shekara da shekaru ana lallaɓa irin waɗannan wayoyi da sa hannun wani tsohon tushe, amma wannan dabara ta ƙare a 2024. Laifin ba na sabarka ba ne. Firefox tana tafe da jerin hukumominta a jikinta, don haka kafin sababbin sigoginta su daina aiki a irin waɗannan wayoyi a 2025, sa ta a wayar yakan wadatar, kuma ya fi sauƙi a kan shawo kan Baba ya rabu da wayar da ya saba da ita.

Takardar Let's Encrypt kwana 90 take yi tun farkonta. Certbot tana duba ta sau biyu a rana, idan saura kwana 30 ta sabunta. Wannan tazara ta wata guda alheri ce ga sabar da ke kwana da tashi da wutar lantarki, ko yaya dai za a dace da rana ɗaya. Inda ake tuntuɓe shi ne, sabuwar takarda ta sauka a faifai, amma Nginx tana riƙe da tsohuwar da ta karanta tun ranar da aka kunna ta, ba wanda ya ce mata ta sake dubawa. Mai shafi ya buɗe jaka ya ga takarda sabuwa fil, ya buɗe burauza ta ce ta mutu tun jiya, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Layi ɗaya na --deploy-hook da zai sa Nginx ta sake karantawa bayan kowace sabuntawa shi ne maganin. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya gaba ɗaya ya bar Nginx ya koma Caddy, ita da kanta take nema, ta sabunta, ta ɗora.

Kada kuma a jira tunatarwa. Let's Encrypt ta daina aika wasiƙar "takardarka ta kusa ƙarewa" tun Yunin 2025. Mantuwar nan ba ta ƙananan mutane kaɗai ba ce. A Disamban 2018 takarda ta ƙare a cikin manhajar Ericsson, miliyoyin masu layin O2 a Birtaniya da na SoftBank a Japan suka rasa sabis. A Fabrairun 2020 Microsoft Teams ta tsaya na sa'o'i saboda ba a sabunta takarda ba. Kwanakin kuma raguwa suke yi: a Afrilun 2025 majalisar masu burauza da hukumomin shaida ta amince a rage iyakar rayuwar takarda daga kwana 398 zuwa 200 a Maris na 2026, zuwa 100 a 2027, zuwa 47 a 2029. Duk wanda ke sabuntawa da hannu da kalandar bango, gara ya miƙa wa na'ura aikin tun yanzu, ya kuma gwada da certbot renew --dry-run ya ga ta iya.

Saura abu ɗaya da ba a cika gaya wa sabon shiga ba. Bayan abin da ya faru da DigiNotar da makamantansa, an kafa rajistoci na fili inda ake rubuta duk takardar da wata hukuma ta fitar, kuma tun 2018 Chrome ba ta karɓar sabuwar takardar da ba a rubuta a can ba. Kowa na iya bincikawa, a shafi irin crt.sh, ya ga duk sunayen da aka taɓa nema wa takarda a ƙarƙashin sunanka. Na'urorin masu neman ɓaraka ma suna karanta rajistar, shi ya sa jim kaɗan bayan fitar takarda za ka ga baƙi sun fara taɓa ƙofa, a shafin da ko matarka ba ka gaya wa ba. A sa kalmar sirri mai ƙarfi kafin a nemi takarda, ba bayan an nema ba.

A kuma yi tunani kafin a raɗa wa sassan sabar suna. Hotuna, fina-finai, lissafin shago, duk ba laifi. Amma magidancin da ya buɗe wani sashe ya kira shi shirin-karin-aure, ya nema masa takarda, ya sanar da duniya ke nan da kwanan wata da sa'a. Takarda mai tauraro a gaba, wadda ke rufe duk ƙananan sunaye a dunƙule ba tare da ambaton ko ɗaya ba, ita ce ke hana wannan, kuma a Let's Encrypt ta hanyar DNS kaɗai ake samunta, tun Maris na 2018. Ga wanda ya riga ya fitar kuwa, rajistar an gina ta ne yadda ƙari kawai ake yi mata, ba a goge komai, soke takardar ma ba ya cire sunan. Ya fi masa ya faɗa a gida da bakinsa kafin wani ƙanin uwargida mai karatun kwamfuta ya riga shi.